Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gero a Jikin Bango

Makon jiya na tsaya a ranar da na fara shiga ɗakin gwajin hasken nan na ƙarƙashin ƙasa. Inna, Allah ya jiƙanta, bakinta ba ya rabo da cewa ruwa ba ya tsami banza. Ita a kan rigimar gidan Baffa take faɗa. Ni kuwa a jikin bango na ga maganarta.

An harba hasken leza ta cikin gilashin da aka shafa wa farin fenti. Abin da ya fito ɗigo-ɗigo ne jajaye, kamar an watsa wa kaji gero a tsakar gida. Na miƙa hannu, sai mai kula da na'urorin ya ce kada in taɓa komai, wai mutanen alli, wato mu masu lissafi, hannunsu nauyi gare shi. Ko kallona bai yi ba. Har yau maganar tana ci mini rai.

To amma geron nan ba a watse yake banza ba. A 2007 Vellekoop da Mosk na Jami'ar Twente a Holand suka gyara fasalin hasken tun kafin ya shiga fentin, sai ya taru wuri guda, ya ninka haskensa har sau 1000. Duk karkacewar da haske ke yi a ciki ana iya zuba ta a jadawalin lambobi, wato matriks, irin wanda masanin kimiyya Wigner ya yi aiki da shi kan cibiyar atom tun shekarun 1950. Da alli ya yi. Idan kuma ƙwayoyin haske ake turawa ɗaiɗai, lissafin yakan kumbura har ya gagari kwamfuta, abin da masana lissafin kwamfuta Aaronson da Arkhipov suka kafa hujja a kai a 2011.

Baffa ma, ranar walimar Yaya, cewa ya yi mai karatun lissafi ƙarshensa allo da ƙurar alli. A gaban surukai ya faɗa.

Mu ma irin wannan tara hasken muke yi, amma wata uku ɗigon haskenmu yana dusashewa kullum bayan la'asar. Masu na'urorin suka canza madubi, suka canza waya. Ni dai na roƙi lambobin safe da na yamma, na kwana biyar a kansu. Sai na ga duk gefe guda suke gocewa, sannu a hankali, daidai lokacin da injin ɗumama ɗaki yake tashi. Gilashin ne ke motsi, motsin da ido ba ya gani. Na tuna Inna, na tashi na yi alwala hannuna yana rawa.

Da takardar binciken ta fito, sunana yana can ƙasa cikin waɗanda aka yi wa godiya. Na buga wa Inna waya ban gaya mata ba, ta ce muryata ta canza, wa ya taɓa ni?

Yadda muka ƙare da shugaban ɗakin gwajin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.