Wasiƙa daga Minesota: tukunyar da ke dahuwa ina wurin aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, iyaye da yayye da ƙanne. Ina yi muku sannu da hunturu, ko da yake da za ku ɗanɗani irin wanda muke sha a nan Miniyapolis, da kun ce naku iskar fanka ce. A watan Janairu akwai ranakun da awon sanyi ke sauka ƙasa da sifiri da maki 20, a Disamba kuwa kafin ƙarfe biyar na yamma an yi magariba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa shi ne hoton kwanon abincina da na tura kwanakin baya. Wani ya ce faten wake ne ya kama a gindin tukunya, wata ta ce miyar taushe ce aka manta ba a sa kabewa ba. Hajiyarmu kuwa ba ta ɗauki abin da wasa ba, waya ta bugo da kanta: "Ɗan nan, ina naman? Duk faɗin Amurkar babu nama?" Na ce, "Hajiya, wallahi akwai, har ya fi ƙarfin ci." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce to Allah Ya hore. Daga jin muryarta na san ta riga ta yanke cewa ɗanta yana cikin wani hali ne yana ɓoyewa.

Lafiyata ƙalau. Abincin nan sunansa cili, da gangan nake dafa shi ba nama, kuma ko yau albashina ya ninka ba zan daina ba.

Naman halal ba ya wuyar samu a garin nan, albarkacin 'yan'uwanmu Somaliyawa da suke da yawa, suka kuma buɗe shaguna ko'ina. Tsadarsa ce magana. Kuɗin da zan sayi fam ɗaya na niƙaƙƙen naman sa, wato giram 454, zai saya mini adas fam uku har da canji. Naman in ya ji wuta tsukewa yake yi, adas kuwa kumbura yake ya fi ninki biyu. Mai karatu da rana yana aiki da yamma, ga kuɗin haya, ga na gida suna jiran a yi musu aike, ba sai an zaunar da shi an koya masa wannan lissafin ba.

Adas ɗin nan ba baƙo ba ne a kunnenmu. Duk wanda ya yi karatun allo ya wuce ta kansa a Suratul Baƙara, aya ta 61, inda Banu Isra'ila suka gaji da abinci iri ɗaya suka roƙi Annabi Musa abin da ƙasa ke tsirarwa, har da adas da albasa. Alhazai sun sha shi a Makka, danginmu na Sudan kuwa abincinsu ne na yau da gobe. Ɗan'uwan wake ne, sai dai ƙanana ne masu faɗi kamar maɓallin riga. A nan jihohin Montana da Dakota ta Arewa, maƙwabciyarmu, suke noma shi da yawa, can sama da su kuma akwai lardin Saskacewan na Kanada, ƙasar da ta fi kowace fitar da adas zuwa kasuwannin duniya. Falalarsa a wurina ita ce ba a jiƙa shi, ba a surfa shi. A tsince tsakuwa, a wanke, shi ke nan. Kofi ɗaya na dafaffe yana ɗauke da furotin kusan giram 18, saboda haka yana riƙe ciki ƙwarai.

Shi cili asalinsa miyar nama ce da barkono, ta mutanen Teksas masu jinin Meziko. A ƙarshen ƙarni na 19 mata ne ke kafa tebura da dare a dandalin birnin San Antoniyo suna sayarwa, kamar masu tuwo-tuwo a bakin tasha. A 1977 jihar Teksas ta ayyana shi a matsayin abincinta a hukumance. Mutanen can suna da tsauri a kansa, a wurinsu ko wake ka zuba ka ɓata girki. Da ɗan Teksas zai leƙa tukunyata ya ga ba nama ko tsoka ɗaya, ga wake, ga adas, ga daddawa, ina jin sai ya kai ni ƙara. Amma sauran Amurkawa sun daɗe da sakin wannan ƙa'ida, kowane gida da irin nasa.

Tukunyar ma da labarinta. Kasko ne mai kauri na tangaran, zaune cikin gidan ƙarfe mai jona wuta, da murfin gilashi. Ba ta tafasa da ƙarfi, zafi kaɗan take bayarwa na tsawon sa'o'i, wutar da take ja kuma ba ta kai ko kusa da ta dutsen guga ba. Wani Bayahude ɗan Amurka mai suna Irving Naxon ne ya ƙirƙiro ta, aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1940. Abin da ya ba shi tunanin shi ne labarin yadda kakarsa a Lituwaniya take kai tukunyar wake gidan burodi ranar Juma'a da yamma, a saka a tanderun da ya fara hucewa, ta kwana tana dahuwa, tunda a addininsu ba a hura wuta ran Asabar. Kamfanin Rival ya sayi sana'arsa a 1970, ya fito da tukunyar da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka ke ta fita aikin albashi suna neman abin da zai yi girki ba su gida. Tawa a shagon gwanjo na saya, da kuɗin da bai kai na cin abincin rana sau ɗaya a gidan abinci ba. Na sa mata suna Sannu, domin ba ta hana zuwa.

Ga yadda nake yi. Tun da dare nake yanka albasa manya biyu, tattasai biyu, karas biyu, tafarnuwa sala biyar, attaruhu ɗaya. Da asuba bayan salla sai in ɗora kaskon suya da mai cokali uku, in soya albasar har ta yi ja a gefe-gefe, in zuba tafarnuwa da kayan ƙamshi su yi minti ɗaya a cikin man, in ƙara tumatirin leda cokali biyu in juya har ya yi duhu. Turawa da yawa ba sa yin wannan, komai ɗanye suke antayawa su rufe. Na gwada hakan sau ɗaya don ƙiwa. Albasar ta fito fara fat tana warin dafaffen ruwa, miyar ta zama lami. Ita Sannu dafawa kawai ta iya, ba ta suya, kuma tukunyar da babu nama a cikinta ba ta da inda za ta samo daɗi in ba daga suyar nan ba. Minti goma ne, kada a yi rowarsu.

Kayan ƙamshin su ne garin cili cokali biyu da kumin cokali ɗaya. A kula, garin cili na nan ba barkononmu ba ne. Haɗi ne na busasshen barkono marar zafi sosai, da kumin, da garin tafarnuwa, da wani ganye mai ƙamshi da ake kira origano. Ranar farko da tsoro na ɗiba, rabin ƙaramin cokali, ina jiran hawaye, sai na ji ko jariri bai isa ya sa kuka ba. Wanda zai yi a gida kada ya zuba garin barkono cokali biyu ya ce ni na ce. Ya daka busasshen tattasai cokali biyu, barkono kuwa daidai bakinsa. Kumin shi ne Larabawa ke kira kamun, kuma ba shi ne habbatus sauda ba.

Sai a juye suyar cikin tukunya, a zuba adas kofi biyu, tattasai, karas, attaruhu, dunƙule biyu, gishiri, ruwa kofi huɗu. Adas ruwan ƙasa ko kore ake so, su ne ke riƙe jikinsu. Jan nan da ake miyar azumi da shi narkewa yake ya zama kunu, sai dai a watsa ɗan dintsi don kauri. Ruwa ma a yi hattara da shi, domin murfin ba ya barin tururi ya fita, abin da ka zuba da safe shi za ka tarar da yamma. Karona na biyu na cika ruwa irin na tukunyar murhu, na dawo na tarar da tafki.

Daga nan sai daddawa, wadda babu Baturen da ya koya mini. Masu cili marar nama a nan suna ta dabaru don cike gurbin romo, wani ya sa miyar waken suya mai gishiri, wani garin koko, wani har kofi. Ni da na tashi a gidan da miyar kuka ke yin daɗi ran da babu ko ƙashi a cikinta, na san abin da ke yin wannan aiki. A shagon 'yan Afirka nake samunta, da sunanta na Yarbanci, iru. Cokali ɗaya nake dakawa in zuba. Sa'o'i takwas ɗin da girkin ke yi a wuta suna kwantar da warinta, sai ɗanɗanon ya rage. Wani abokin aikina Ba'amurke ya ci kwano guda, ya tambaye ni wane irin nama na sa.

Tumatirin gwangwani babba, mai kusan giram 800, shi ne abin lura. Tsami yana hana wake da danginsa yin laushi da wuri, kishiyar aikin kanwa ke nan. In ina gida, sai saura awa ɗaya ko biyu nake zuba shi. In zan wuni a waje, ina zubawa tun safe tare da kanwa ɗan mitsitsi, abin da yatsu biyu za su ɗauka, musamman in adas ɗin ya daɗe a ajiye. Fiye da haka sai ya dame, launin ma ya dushe.

Sai in murɗa zuwa ƙaramar wuta in kama hanya. Awa 7 zuwa 8 take ɗauka, a babbar wuta kuwa kamar 4. Ba a buɗewa ana leƙe, kowace buɗewa tana ƙara wa dahuwar kusan minti 20.

Akwai gargaɗin da ba na wasa ba. Cili ana yawan sa masa jan wake mai siffar ƙoda, kuma ɗanyensa yana da wani sinadari mai guba wanda sai tafasa mai ƙarfi ke kashewa. Zafin tukunyar nan a ƙaramar wuta bai isa ba. Ƙwaya huɗu ko biyar da ba su dahu ba suna iya sa mutum amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya sayi busasshe ya jiƙa shi aƙalla awa 5, ya zubar da ruwan, ya tafasa shi sosai a kan murhu na rabin awa kafin ya shiga tukunya. Ni na hutar da kaina, na gwangwani nake saye, wanda an riga an dafa, in ɗauraye in zuba tare da tumatir.

Da na turo ƙofa da daddare, yatsu sun ƙage, gemu ya yi ƙanƙara, ƙamshin ne ke fara yi mini sannu da zuwa. Gwauro a ƙasar mutane ba shi da mai ce masa ga abinci, saboda haka kada ku raina wannan. In matse rabin lemon tsami a ciki, in ɗanɗana gishiri, in zuba a kan shinkafa. Su da burodin masara suke ci, ko su barbaɗa cuku a kai. Na taɓa ci da tuwon semo, bai yi laifi ba, amma shinkafa ta fi karɓarsa. Tukunya ɗaya tana ba ni kwano bakwai zuwa takwas. Na kwana uku a firiji, saura in daskarar. Na washegari ya fi na ranar daɗi, kamar ɗumame.

Na san abin da za ku ce: wa ya ga wutar awa takwas a jere? Gaskiyarku. Kuma tun kafin a fara, kada wanda ya ce in aiko masa da irin tukunyata. Wutar nan bolt 120 ce, tamu ta gida 230, ana jonawa za ta ƙone. Ba ma a bukatarta. Adas a kan murhu minti 30 zuwa 40 ya nuna. Mai son dahuwar sannu kuma ya tafasa tukunyarsa da kyau na kwata awa a kan gawayi, ya sauke da murfinta a rufe, ya naɗe ta da tsohon bargo ya cusa a kwando, bayan awa uku ya buɗe ya sake ɗumamawa. Zafin da ya kama ciki shi zai ƙarasa aikin, gawayi ya huta. In adas ya yi tsada a kantin da ke kusa da ku, tunda daga waje ake kawo shi, farin wakenmu zai yi, sai dai a fara dafa shi ya ɗauko laushi kafin a haɗa shi da tumatir. Daddawa kuwa ku ne masu ita, ta gidan ma ta fi wadda nake saye a leda.

Wanda ya gwada ya ba ni labari, musamman matan gida, na san sai kun gyara mini wani abu. Wanda kuma ya riga ni ganin Hajiya ya gaya mata ran Juma'ar da ta wuce na sayi kaza guda, na cinye ni kaɗai, hoton yana nan tafe.

Ku gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Miniyapolis