Yadda na koyi zana filafilan jiragen ruwa a kwamfuta

Ni haifaffen Maradi ne, kuma ruwa mafi girma da na sani tun ina yaro shi ne tafkin Madarunfa, sai kuma gulbinmu da yake kawo ruwa da damina ya bar mana yashi da rani. Sana'ata zane a kwamfuta: katin biki, allon shago da tambarin da ake bugawa a riguna. Wata rana malamin da ya koyar da ni a firamare ya zo shagona ya ce, "Ɗana, ina so ka zana mini jiragen ruwa masu tafiya da iska, iri daban-daban, domin in nuna wa yara yadda mutanen dā suka ƙetare teku." Na ce, "To, Malam," ina ganin aikin kwana biyu ne, amma sai da ya ci mini wata uku.

Zanen farko da na kai masa ya yi kyau a ido, domin na zuba masa launi sosai. Malam ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni daga wane ɓangare iska take busowa. Da na sake dubawa, sai na ga tutar da ke kan jigon jirgin tana kaɗawa zuwa hagu, alhali filafilan, wato ƙyallayen da iska take turawa, sun kumbura zuwa dama, abin da ba zai taɓa faruwa a kan ruwa ba. Daga ranar na ajiye launi gefe, na koma neman sanin dalilin da ya sa kowane jirgi yake da irin tsarin filafilansa, domin na gane cewa hannuna ba zai iya zana abin da kaina bai fahimta ba.

Tsari mafi tsufa shi ne ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake ratayewa a jikin sanda wadda ta gitta jigo. Misirawan dā sun yi amfani da shi a kogin Nilu fiye da shekara 5,000 da suka wuce, kuma ƙasarsu ta dace da shi ƙwarai, domin ruwan kogin yana gangarawa arewa, iska kuwa galibi daga arewa take busowa. Mai zuwa kudu sai ya ɗaga ƙyallensa iska ta tura shi, mai komawa arewa kuma ya naɗe shi ya bi ruwa. Har a rubutunsu na hotuna, jirgi mai buɗaɗɗen ƙyalle yana nufin tafiya kudu, wanda ba shi da ƙyalle kuma tafiya arewa. Raunin wannan tsari shi ne yana son iska daga baya, ba ya iya kusantar inda take fitowa sosai.

Wanda ya fi kama zuciyata shi ne ƙyalle mai kusurwa uku da ake ɗaurewa a jikin doguwar sanda mai karkata, wadda tsawonta kan kai na jirgin kansa, irin na jiragen Larabawa da Suwahilawa a Zanzibar da Lamu da Oman. Waɗannan jirage sun yi ɗaruruwan shekaru suna fatauci tsakanin gabashin Afirka da ƙasar Larabawa da Indiya, kuma iska biyu ce take tsara musu shekara: ta arewa maso gabas wadda Suwahilawa suke kira kaskazi, daga wajen Disamba zuwa Maris, da ta kudu maso yamma wadda suke kira kusi, daga wajen Afrilu zuwa Satumba. Da na karanta wannan sai na ji kamar labarin gida ake ba ni, domin mu ma a nan iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙurarta, iskar da take kawo damina kuma daga kudu maso yamma. Abin da manomin Gobir da Katsina yake dubawa kafin ya yi shuka, shi ne matuƙin jirgi yake dubawa kafin ya kwance igiya. Wahalar wannan tsari tana wajen juyawa, domin sai an miƙar da doguwar sandar tsaye an zagaya da ita ta gaban jigo zuwa ɗaya ɓangaren, aikin da yake buƙatar hannaye da yawa. Na zana wannan juyi a hotuna biyar jere da juna, kuma a ganina shi ne mafi amfani cikin duk abin da na yi wa Malam.

Sinawa suna ɗinka gorori a gicciye cikin ƙyallensu, sai ya riƙa naɗuwa falle-falle cikin sauƙi. Yawancin ƙananan jiragen wasa na yau kuwa suna bin tsarin da ya samo asali a tsibirin Bamuda a ƙarni na 17, wato dogon jigo da ƙyalle mai kusurwa uku a bayansa, sau da yawa da wani a gabansa. Irin wannan jirgi yana iya tafiya da karkatar digiri 45 ko kusa da haka daga inda iska take fitowa, domin ƙyallen yana aiki kamar fiffiken jirgin sama, wani faffaɗan allo da ke ƙarƙashin jirgin cikin ruwa kuma yana hana shi zamewa gefe. Idan inda za shi yana saitin iskar, sai ya bi hanya kwana-kwana har ya isa.

Manhajar da nake aiki da ita ita ce Inkscape, wadda kyauta ce, kuma zanenta ba ya dushewa ko an faɗaɗa shi daga girman katin biki zuwa girman allon aji. Gefen ƙyallen jirgi ba miƙaƙƙen layi ba ne, saboda haka kusan duk aikin yana kan lanƙwasar da ake kira da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa wanda ya yaɗa amfani da ita wajen tsara jikin mota a shekarun 1960. Ana kafa ɗigo biyu, sannan a ja hannayen da ke fitowa daga jikinsu har layin ya lanƙwasa yadda ake so. Abin da ya ƙara mini sha'awa shi ne masassaƙan jiragen ruwa sun riga kwamfuta yin haka, domin sukan lanƙwasa siririn katako a kan faifan zane, su danne shi da dunƙulen dalma a wurare kaɗan, sannan su bi gefensa da fensir. Na lura cewa idan na cika ɗigo da yawa, ƙyallen yakan fito da ƙulle-ƙulle kamar rigar da tela ya ɓata, amma da ɗigo uku ko huɗu sai ya kumbura sumul kamar babbar riga a ranar iska.

Igiyoyi su ne suka fi ba ni wahala. Akwai waɗanda suke tsaye kullum domin riƙe jigo, akwai kuma waɗanda ake ja ana saki domin ɗaga ƙyalle ko juya shi. Jirgin Cutty Sark da aka ƙera a 1869, wanda yanzu yake ajiye a Landan, yana da jigo uku da filafilai 32, kuma tsawon igiyoyinsa ya kai kusan kilomita 18. Wanda ya ce zai zana dukkansu a shafi ɗaya zai rikita yara ne kawai. Don haka na raba zanen hawa-hawa, jikin jirgi a hawa ɗaya, jigo da sanduna a na biyu, filafilai a na uku, igiyoyin tsaye da baƙin launi, na ja da saki kuma da jan launi, yadda Malam zai iya nuna kowane hawa shi kaɗai. Na kuma kafa wa kaina doka cewa ba zan ja igiyar da ban san inda ta fara, inda ta ƙare da aikin da take yi ba.

Daga baya na gwada manhajar Blender, wadda take ba da damar a mai da shafi ya zama kamar yadi, a kafe gefunansa, a sako masa iska a ga yadda zai cika. Kwamfutata takan yi zafi ta yi nauyi a wannan aiki, musamman da bazara, amma a nan ne na ga da idona cewa cikin ƙyallen yana sauya wuri duk lokacin da aka sauya kusurwar iska, na koma na gyara zanena guda huɗu.

Da na kai wa Malam zane goma sha biyu, kowanne da kibiya a kusurwarsa mai nuna inda iska take fitowa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Sannan ya roƙi in ƙara masa kwale-kwalen masuntan kogin Kwara na wajen garin Mopti a ƙasar Mali, waɗanda akan ga wasunsu da ƙyallen da aka harhaɗa da buhuna, kuma shi nake zanawa a wannan makon.