Shekarun da na yi ina tsintar jaket a shagon wani

Duk wanda ya yi zaman layin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ya san dilar jaket ba ta da tabbas. Gwanjo na cikin kayan da kwastan suka hana shigowa da su, don haka sai ta zagayo ta Kwatano ko Lome, ka biya ba ka ga cikinta ba sai ranar da aka fasa. Wannan ba sai na koya wa 'yan kasuwa ba. Maganata a kan wasu riguna ne 'yan ƙalilan da ake samu a dila, irin waɗanda ake ɗinka wa masu hawan duwatsu a ƙasashen sanyi, domin su ne suka ɗaga shagon maigidana, kuma su ne suka raba mu.

Lokacin da na zo, kauri ake saye. Mai nauyi ita ce mai tsada, shara-shara kuwa a jefa ta tarin ƙasa, mai gadi ko ɗan adaidaita ya ɗauka a araha. Wata rana wani ɗalibi mai shirin tafiya Rasha ya zaro wata shara-shara mai hoton ƙwarangwal ɗin tsuntsu a ƙirji, aka yi masa kuɗi, ya biya bai ko taya ba. Ɗan kasuwa ya san idan mai saye bai nemi ragi ba, kai aka ci. Da dare na rubuta sunan a waya: Arc'teryx, kamfanin Kanada, sabuwarta ɗaruruwan daloli.

Lokacin an rufe boda, daga Agustan 2019 har Disamban 2020, kaya ba sa shigowa sosai, zama ya yi yawa. A zaman nan na koyi abin da na koya. Darajar irin wannan riga tana cikinta. Akwai wani siririn shafi da ake mannawa a bayan yadin, wanda aka fi sani shi ne Gore-Tex, ruwa ba ya ratsa shi amma tururin zufa yana fita, kuma kowane ɗinki an bi shi da tef daga ciki. Saboda haka juya rigar ake yi. A fara duba wuya da kafaɗu, inda zufa da maratayin jaka ke ci. In shafin ya fara kumbura ko yana zubar da farin gari, ta mutu, ko da wajenta yana sheƙi. Masu cike da gashin agwagwa kuwa ɗaga su ake yi a hasken rana, duk gidan da gashin ya ƙare zai nuna. Lambar 700 da ke bakin hannun wasu rigunan kamfanin The North Face ingancin gashin take nufi. Jabu ma suna zuwa a dila, zif ɗin kamfanin YKK da tsaftar zaren tambari su ke fara tona musu asiri.

Na buɗe shafi a Instagram, na soma sa hotuna. Masu hawan duwatsun Shere daga Jos suka fara kira, sai ƙungiyoyin Abuja masu fita hawan dutse ranar Asabar, da masu zuwa Mambila su hau dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419. Wata baiwar Allah ta sayi kayanta kaf a wurinmu za ta Kilimanjaro. Amma gaskiya mafi yawan kuɗin daga masu bizar Ingila da Kanada yake fitowa, waɗanda suka ji labarin sanyin can kuma suka ga farashi da fam. Rigar da a da ake bayarwa kamar kyauta ta koma ita kaɗai tana fitar da kuɗin motar dila.

Alhaji ya ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya kira ni bayan la'asar ya ce, “Kai ɗana ne. Duk abin da ya hau kan tsohon farashinmu, kashi ɗaya cikin uku naka ne, ina tara maka har ranar sallama.” Na ce, “Allah ya ƙara girma, Alhaji.” Daga ni sai shi. Layin wayar da muke ciniki da shi kuwa shi ya saya, da aka zo haɗa layi da NIN aka haɗa da na babban ɗansa, wai don kada a rufe.

Sai naira ta faɗi. Dalar da take wajen 460 a hukumance a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin dila ya bi ta. Alhaji ya yanke shawarar a tsame duk masu kyau a ɓoye har hunturu mai zuwa. Sitonsa rufin kwano ne, ba taga, kuma kowa ya san Afrilun Kano, zafi ya haura digiri 40. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, waɗannan da gam aka haɗa su, zafi zai sake shi.” Ya dube ni ya ce, “Yaushe ka zo kasuwa? Tufafi ba tumatir ba ne.” Na yi shiru, tunda a gaban mutane ne.

Da damina ta ja baya aka fito da su suna warin sito, ni kuma ina ƙauye wajen rasuwa. Ya tattara su ya ba mai wanki da guga. Aka jiƙa su a garin sabulu, aka murje, aka bi su da dutsen guga na gawayi. Da na dawo na ɗauki wata rigar kamfanin Mammut ja da na fi ji da ita, na juya ta: tef ɗin ya saki yana reto daga wuya har ƙugu, ga shatin dutsen guga a gadon baya yana ƙyalli, gefensa ya ƙanƙance. Masu gashi sun dunƙule a ƙasa, sama fayau. Kafin isowata kuma ɗan nasa ya riga ya aika da dama ta hannun direbobi a tasha, da tsofaffin hotunan da na ɗauka tun suna lafiya. Wani a Jos ruwan ƙarshen damina ya same shi a kan dutse, ya jiƙe sharkaf. Kaya suka soma dawowa, da maganganun da ba zan maimaita ba.

Asarar ba ita ta fi ƙona mini rai ba. A gaban maƙwabta Alhaji ya ce, “Kai ka zaɓo su, kai ka ce masu tsada ne. Da a tarin ƙasa muka sayar da tuni mun huta.” Aka rubuta asarar a kaina. Ranar da na nemi sallama ya buɗe littafi, kason da ake tara mini ya tafi a biyan ɓarnar da na yi gargaɗi a kanta, abin da ya rage bai sayi rabin dila ba. Dattawan layi suka zauna, kowa ya san gaskiya, hukuncin dai shi ne in yi haƙuri, uba ne. Shafin da layin suka zauna a hannun ɗansa, da lambobin mutanen da na yi shekaru ina lallaɓawa.

Ga yaran da ke zaman shago yanzu: a rubuta, a sa shaidu, ko da wanda ya goya ka ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin kunya ba ne. Layin ciniki ya kasance da sunanka. In riga tana da aibi, ɗauki hoton aibin ka tura kafin a biya. Kada a guge su, kada a ajiye su ƙarƙashin kwano. Masu tafiya karatu daga Agusta suke saye, ba sa jiran hunturu. Igiyar hawa da ɗamarar da ake rataya da ita kuwa in sun fito a dila kada ka sayar wa kowa. Masu yin su ma ba sa yarda a wuce shekara goma da su, kai kuma ba ka san abin da suka gani ba. Ni yanka su nake yi in ɗaure kaya.

Yanzu ba ni da ƙarfin dila. Zagayawa nake yi da safe wajen masu fasawa in tsinci ɗai-ɗai, kuma tsofaffin abokan ciniki suna ta nemo sabuwar lambata da kansu. Kwanan baya ɗan Alhaji ya turo mini hoton gaban wata rigar kamfanin Patagonia yana tambaya ko ta gaske ce, da nawa zai sa mata. Na ce ya juya ta ya turo hoton cikin wuyan, tunda ba a yi wa riga kuɗi daga waje. Ya ce ai cikin ba komai, fari ne kawai. Na ce to, Allah ya kawo kasuwa.