Na ce zan rubuta “a'a”

Talata, ƙarfe 10:40 na dare

Ya kamata a ce na yi barci tun ɗazu, amma idona ya ƙi rufuwa. Har yanzu ƙarar makirfon nan tana cikin kunnena. Bari in juye abin da ke raina a nan, ko na samu in runtsa.

Yau aka yi zaɓen majalisar ɗalibai, ni kuma kujerar sakatare nake nema. Na gaji da gaya wa mutane cewa da gangan na bar kujerar shugaba. Ko da safen nan sai da Yaya ya sake tsokanata, wai, “Ke duk kujerun duniya ki rasa wadda za ki nema sai ta riƙe wa mutane biro?” Na ce, “Yaya, kai da ka gama makarantar nan, faɗa mini abu ɗaya tak da majalisar zamaninku ta yanke.” Ya buɗe baki, ya rufe, ya ce in yi sauri kar in makara. Da zai yiwu, da na ɗauki shirun nan nasa na manna a bango a madadin fosta.

Ga yadda abin yake tafiya tun da na shigo makarantar. Majalisa ta zauna, wakilan azuzuwa su kawo koke, shugaba ya kwasa ya kai wa mataimakin shugaban makaranta. Amsa ta dawo da baki, a tsaye, a bakin ofis. Daga nan ta bi iska. Famfon da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje tun ina aji ɗaya ake kai kukansa, kuma babu ɗalibin da zai iya gaya maka ko an ce za a gyara, ko an ce babu hali, ko ma maganar ba ta isa ofis ba. Majalisa ba ta sayen komai, ba ta ɗaukar ma'aikaci, ba ta taɓa jadawalin darussa. Iyakarta ta faɗa a ji. To ni alkawarina ɗaya ne: duk zaman da aka yi, cikin kwana 2 za a ga takarda shafi guda a allon sanarwa, ga abin da aka roƙa, ga inda aka kai, ga amsar da aka bayar.

Na san ba alkawari ba ne mai sa a yi shewa.

Da na isa, na tarar an yi wa fostata ta kusa da laburare gashin baki da tabarau. Ƙawata, wadda ta naɗa kanta shugabar kamfe ɗina tun ranar da na karɓi fom, har rawa jikinta yake yi don fushi, wai sai mun kai ƙara. Na hana ta. Tabaran ma sun yi mini kyau. Ita ce dai ta bi aji-aji ta tara mini sa hannun mutum 20 da ake buƙata kafin a karɓi fom, saboda haka ina lallaɓa ta.

An tara mu a ɗakin taro bayan darasi na biyu. Malaminmu na darasin gwamnati shi ke kula da zaɓen, tun makon jiya kowa Baturen Zaɓe yake ce masa, shi ma ya karɓi sunan da hannu biyu. Kowane ɗan takara minti 3, sai tambaya ɗaya daga ɗalibai. Ya ɗaga ƙararrawarsa ya ce a kotunan Atina ta ƙasar Girka, can zamanin da, da ruwa ake auna wa mai magana lokaci: tukunya ce mai huji a ƙasa, a cika ta, ruwa na tsiyaya kana magana, yana ƙarewa ka yi shiru ko da a tsakiyar kalma kake. “Ni ban zo da tukunya ba,” in ji shi, “amma hannuna ba ya jin roƙo.”

Mu uku ne a kujerar sakatare. Aka jefa ƙuri'a don a san wa zai fara, ni na faɗo ta ƙarshe, wato na samu damar zama ina sauraron cikina yana ƙugi.

Golan makaranta ne ya fara. Bai riƙe takarda ba. Ya ce in an zaɓe shi za a bar mu mu shigo da waya, za a rage aikin gida, za a ƙara lokacin tara. Ɗakin ya ɗauki ihu kamar rufin zai tashi. Sakatare fa! Ko shugaban majalisar bai isa ya ba da ɗaya daga cikin ukun nan ba, kuma rabin masu tafin sun san haka. Amma ba zan yi ƙarya a littafina ba, ni ma na yi dariya da ya kwaikwayi tafiyar mai makara yana raɓe-raɓe a bakin ƙofa. Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai. Yana magana yana nuna 'yan ƙananan azuzuwa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya san su. Ni da nake cewa zan rubuta kukansu, na ƙirga a zuciyata, waɗanda na sani da suna ba su kai yatsun hannuna ba.

Sai abokiyar zamana. Wannan ita ce mai ciwon. Shekara biyu muna benci ɗaya, tare muke ƙungiyar muhawara, rabonmu da magana ta arziki kuwa tun ranar da muka haɗu a layin karɓar fom. Ni ina ganin ni na fara gaya mata niyyata. Ita ta ce tun bara abin yake ranta. Wataƙila duk gaskiya muke faɗa. Jawabinta ya fi nawa tsari, wannan ba sai an gaya mini ba. Ta yi maganar akwatin koke da ba sai ka sa suna ba, ta gama saura 'yan daƙiƙoƙi, ta sauka ba ta ko kalli inda nake ba.

Ina hawa, makirfon ya saki wata ƙara mai tsinka kunne. Aka kwashe da dariya. Bakina ya bushe ƙamas, takardar hannuna tana kaɗawa har 'yan layin gaba suna gani. Na karanta gaisuwa, idona ya tsallake sakin layi na biyu gaba ɗaya, na rasa inda nake. Wannan sakin layin kuwa shi na fi wahala a kansa. Dare guda na yi ina gyara shi: Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, sashe na 12, wanda ya ce yaron da ya isa ya yi ra'ayin kansa yana da haƙƙin faɗarsa a duk abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin nauyi daidai da shekarunsa da hankalinsa. Yanzu da nake kwance ina ganin gara da na tsallake. Wa zai saurari sashe na 12 bayan an yi masa alkawarin waya? Sashen ma bai ce sai an yi abin da yaro ya faɗa ba, cewa ya yi a ji shi, a auna. Da na karanta, da na ba golan makaranta abin tsokana har ƙarshen zango.

Da na ga takardar ba za ta fisshe ni ba, sai na ninke ta. Na ce, “Duk wanda ya san abu ɗaya da majalisa ta yanke a zangon da ya wuce, ya ɗaga hannu.” Shiru. Can sai hannaye 'yan kaɗan suka tashi, duk na 'yan majalisar ne, su ma ba duka ba. Wani daga baya ya yi fito, aka sake dariya, amma wannan karon ba ni ake yi wa ba. Na faɗi alkawarina na takarda shafi guda. Ƙararrawa ta same ni a tsakiyar jimlar ƙarshe, na haɗiye sauran.

Tambayata daga wani ɗan aji ɗaya ta fito, ɗan mitsitsi, rigarsa ta yi masa yawa, sai da aka sauke masa makirfo. Ya ce, “Anti, idan malamai suka ce a'a, ita ma a'ar za ki rubuta ki manna?”

Wallahi ban shirya wa wannan ba. Mataimakin shugaban makaranta yana zaune taku uku daga inda nake, ya harɗe hannuwa, ya ɗan karkato da kai yana jiran amsa kamar kowa. Na ji bakina ya ce, “Zan rubuta, ƙanena. Da ranar da aka faɗa, da dalilin in an bayar. In ba a ba da dalili ba, in rubuta ba a bayar ba.” Aka yi tafi, ba irin na gola ba, amma tafi ne. Shi kuwa mataimakin bai tafa ba, bai ɓata rai ba, ya dai rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Tun ɗazu nake tunanin me ya rubuta. Allon sanarwar nan da nake ta yi wa mutane alkawari da shi, mabuɗin gilashinsa a ofishinsa yake.

Kaɗa ƙuri'a bai ɗau lokaci ba. Aji-aji, a duba sunanka a rajista, a ba ka takarda mai hatimi, ka shiga bayan allo, ka yi alama ɗaya, ka ninke ka jefa. Na tsaya da biro a kan sunana na ɗan lokaci, kunya ta kama ni ni kaɗai a bayan allo, kamar wani zai leƙo ya ce kin ga mai son kanta. Na dai yi alamar.

Bayan an tashi aka yi ƙirga a laburare. Kowane ɗan takara da wakilinsa ɗaya, a tsaye, hannu a baya, ba taɓa takarda. Malam ya juye akwatin, ya nuna mana cikinsa wayam, aka fara ƙirga takardun a gwada da yawan sunayen da aka yi wa alama a rajista, sannan aka shiga warewa. Yana ɗaga kowace sama ya kira suna. Lalatattu gefe guda: wanda ya zaɓi mutum biyu, wanda ya jefa fara fat, da wani gwani da ya ƙara sunansa a ƙasa ya zaɓi kansa.

Sai ga wata an ɗaga. Alama a kan sunana, tsaf, amma a gefe an zana 'yar zuciya an rubuta “sai ke”. Malam ya ajiye ta cikin lalatattu. Ƙawata ta yi tsalle, “Haba Malam, ai kowa ya ga wadda ake nufi!” Ya ce ba niyyar ce matsalar ba, duk takardar da ke ɗauke da rubutun da za a iya gane mai shi ta tashi daga sirri. Ya ce kafin a fara ƙuri'ar sirri a Ostireliya a 1856, Birtaniya kuma ta bi a 1872, a bainar jama'a mutum yake faɗin wanda ya zaɓa, mai gidan da yake haya da mai ba shi aiki suna ji. In aka bar mutane suna sa alamar da za a gane su, an koma gidan jiya, don mai tsoratarwa zai ce sa mini alama in tabbatar. Sannan ya juyo gare ni. “Ke, kin gane rubutun nan?”

Na gane mana. Shekara nawa ina aron littafinta? Na kalli ƙawata, ta kalli silin. Shugabar kamfe ɗina guda, da hannunta ta ƙona mini ƙuri'a. Har abokiyar zamana sai da ta rufe baki da hannu, muka haɗa ido karo na farko cikin makonni, kowa ta yi sauri ta kau da kai.

Sakamako: gola ne a gaba, da rata mai kauri, amma bai haye rabi ba. Ni ta biyu. Tsakanina da abokiyar zamana ƙuri'un da suka raba mu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Dokar zaɓenmu ta ce sai an haura rabin ƙuri'un da ba su lalace ba, saboda haka za a je zagaye na biyu ranar Alhamis, ni da shi.

Kowa a ɗakin ya iya lissafi. In aka haɗa nawa da nata, mun wuce shi. Mutanenmu ɗaya ne, 'yan muhawara da 'yan laburare da masu zaman layin gaba, muka raba su gida biyu. Makonni kaɗan da suka wuce Malam ya koya mana zaɓen Faransa na 2002, inda 'yan takara 16 suka tsaya, masu ra'ayi irin na Firaminista Lionel Jospin suka warwatsa ƙuri'unsu, ya faɗo na uku a bayan Jean-Marie Le Pen da ratar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, aka yi zagaye na biyu babu shi, Jacques Chirac ya lashe da kusan kashi 82. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci makinsa, ban taɓa kawowa a raina cewa da ni da mai zama kusa da ni ake magana ba. Da dokarmu ta mafi yawan ƙuri'a ce kawai, da yanzu gola yana gida yana murna. Da kuma 'yan ƙuri'un nan sun karkata, da ita ce take kwance tana tunanin yadda za ta yi mini magana.

Abokiyar zamana ta fita kafin in tattara jakata.

A gida Mama ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, “To ke me kike jira? Ba ƙawarki ba ce?” Na ce ai yanzu duk abin da na faɗa za ta ɗauka ƙuri'un mutanenta nake so. Mama ta ce, “Ba kya so ne?” Na yi shiru. Ina so. Ina kuma son benci namu ya koma yadda yake, na rasa yadda zan raba biyun a cikin saƙo ɗaya.

Sau huɗu ina rubutawa a WhatsApp ina gogewa. Na farko ya yi kama da jawabi. Na biyu ya yi kama da roƙo. A ƙarshe na tura mata: “Akwatin kokenki ya fi takardata amfani ga 'yan aji ɗaya. Ko na ci ko ban ci ba, ina son mu yi maganarsa gobe. Kuma littafinki na kimiyya yana wurina.”

Alamar ta koma shuɗiya tun ƙarfe 10:15. An nuna tana rubutu, ya tsaya, an sake nunawa, ya sake tsayawa. Mama ta ƙwanƙwasa ƙofa karo na biyu a kan fitila. Gobe kafin a shiga aji zan biya ta ajin yaron nan mai babbar riga in tambayi sunansa.