Wake, gyaɗa da masara a ajin bayoloji

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata sakandare a Daura na ci karo da darasin gadon rukunin jini. Yaran sun saba da tsiron da Mendel, masanin da ya gano ƙa'idojin gado, ya yi gwaji da shi: dogo ko gajere, siga biyu kacal. Da na ce ƙwayar gadon jinin ABO tana da siga uku, A da B da O, kamar yadda Felix Bernstein ya nuna a 1924, sai aji ya ruɗe. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ke nan kowa uku yake ɗauke da su?"

Washegari na shigo da ƙwarya cike da wake da gyaɗa da masara. Wake shi ne A, gyaɗa B, masara O. Na ce ƙwaryar ita ce jama'ar gari, amma kowa ƙwaya biyu zai ɗiba, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Da hannunsu suka fitar da haɗi shida, rukuni huɗu. A da B ba mai danne wani, shi ya sa ake samun AB. O kuwa ba ya bayyana sai ya gamu da ɗan'uwansa.

Daɗin nasara ya ɗebe ni, na ce kowa ya tambayo rukunin jinin iyayensa. Nan na yi kuskure. Bayan an tashi wani yaro ya tsaya, murya na rawa: "Malam, Baba A ne, Umma B, ni kuma katina ya ce O." Muka zauna da ƙwaryar. Uba wake da masara, uwa gyaɗa da masara. A kowane ciki, damar samun O ɗaya ce cikin huɗu. Sai da ya ga masara biyu a tafinsa ya yi ajiyar zuciya.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da uban AB ne fa? Littafi zai ce ba zai haifi O ba, alhali akan yi kuskure a gwaji, mutane na mantuwa, ga kuma jinin Bombay da aka gano a 1952, wanda kan fito kamar O ko da mutum na ɗauke da A ko B. Da aikin gida ɗaya zan iya jefa zargi cikin gidan mutane.

Tun daga ranar iyalan ƙirƙira nake rubutawa a allo. Ƙwaryar kuma na ƙara mata aiki: da ita nake nuna sigogin ƙwayar gadon sikila, wato A da S da C, don masu shirin aure da yawa AS kawai suke tambaya, ba su san SC ma ciwo ba ne.