Yaron da ya ci jarrabawa, sai ya bar gida

Cikin kwasa-kwasan da muka yi a sashen adabi, na adabin tsibiran Karebiyan ne ya canza mini yadda nake karanta labarin ƙuruciya. Marubutan Barbados da Trinidad da Antigua sun faye ɗauko yaro ko yarinya su bi tasowarsu har su mallaki hankalin kansu. Abin da na tsinta shi ne, a littattafan nan makaranta ce ke ɗaga yaro, ita ce kuma ke raba shi da mutanensa.

George Lamming ya fitar da In the Castle of My Skin a 1953, shekara 13 kafin Barbados ta sami 'yancin kai. Akwai wurin da aka jera 'yan makaranta ranar bikin daular Birtaniya, aka rarraba musu kwabbai masu hoton kan sarkin Ingila. Yaran suka shiga gardama kan yadda aka yi fuskar sarki ta hau kwabo. Su ne dai suka ji wata tsohuwa ta ce ita baiwa ce a da, malami kuma ya kashe maganar da cewa abin ya daɗe, bai shafi Barbados ba. Alhali sai 1838 aka gama sakin bayi a tsibirin. Lamming bai tsaya wa'azi ba, ya bar yaran da ruɗaninsu. Daga nan na koyi sa ido kan abin da yaron labari ya gani bai gane ba, don a nan marubucin yake ajiye maganarsa.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Crick Crack, Monkey na Merle Hodge, 'yar Trinidad, na 1970. Tee 'yar riƙo ce: uwarta ta rasu wajen haihuwa, uban ya tafi Ingila. Tantie ce ta raine ta, mace mai ɗaga murya da ashar, amma gidanta cike da dariya da abinci. A makaranta harafin farko da aka koya mata an haɗa shi da tuffa, 'ya'yan itacen da ba a gani sai lokacin Kirsimeti. A hankali ta ƙirƙiro wata yarinya a ranta mai suna Helen, irin yaran cikin littafi, ta ɗauka ita ce ta gaske, ita kuwa Tee inuwa ce kawai. Da ta ci gurbin karatu sai ta koma birni gidan Anti Beatrice, inda ake auna mutum da hasken fata da lafazin Turanci. Ranar da Tantie ta zo ziyara da kayan ƙwalama na gida, kunya ce ta kama Tee, ba murna ba. Duk wanda ya san riƙo a ƙasar Hausa, ko ya ga ɗan boko ya dawo hutu yana yamutsa fuska, ba ya bukatar dogon bayani a nan.

A aji an so a mai da Beatrice muguwa, Tantie kuma mutuniyar kirki. Ban yarda ba. Beatrice ma abin tausayi ce, 'ya'yanta na cikinta raina ta suke yi, kuma abin da take cusa wa Tee shi aka cusa mata. Tantie kuwa, da duk ƙaunarta, ba ta da hanyar da za ta kai yarinyar inda jarrabawa ta kai ta.

Annie John, yarinyar littafin da Jamaica Kincaid, 'yar Antigua, ta fitar da wannan suna a 1985, ta fi Tee taurin kai. Ta ga hoton Columbus, wanda ya buɗe wa Turawa hanyar tsibiran, ɗaure da sarƙa a littafin tarihi, ta rubuta gatse a ƙarƙashinsa, aka hukunta ta da kwafe wani sashe na waƙar Milton, mawaƙin Ingila. Duk da haka ita ma tana da shekara 17 ta hau jirgin ruwa zuwa Ingila koyon aikin jinya. Yaron Lamming Trinidad ya nufa aikin koyarwa, Tee kuma littafin ya ƙare tana jiran jirgin da zai kai ta wurin ubanta. Shi kansa Lamming a 1950 ya tafi Landan, kuma a can ya rubuta ƙauyen nasu.