Jijiyar da Ke Gaban Kunne

Muna aji biyu a makarantar likitanci a Jos na haddace jijiyoyin da ke kai jini fatar kai. Biyar ne a kowane gefe: biyu ta saman ido, ɗaya ta gaban kunne, ɗaya ta bayansa, ɗaya ta ƙeya. Na rubuta a jarrabawa, na wuce, na ajiye.

Bayan shekaru, ana tsakiyar sanyin hunturu, aka kawo wata Hajiya daga Gangare, ta haura saba'in. Sati uku tana fama da ciwon kai ta gefen goshi, an ba ta maganin maleriya har sau biyu a kemis.

"Ɗana, ko kallabi ba na iya ɗaurawa," in ji ta. "Goro ma na haƙura da shi. Da na fara tauna sai muƙamuƙina ya gaji."

Kumburin jijiyar gefen goshi ya faɗo mini a rai, wanda likita Horton ya yi bayaninsa a Amurka a 1932. Nan take na kore shi. Littafi ya ce ciwon ya fi kama mutanen arewacin Turai, kuma ba kasafai ake ganinsa a baƙar fata ba. Gaskiya ne, amma ni "ba kasafai ba" na mayar "babu", kuma har yau abin yana ci mini rai.

Babban likitanmu bai yi faɗa ba. Yatsana ya kama ya ɗora a gaban kunnenta, ya bi da shi sama. Jijiyar ta yi tauri kamar tsirkiya, babu bugu, Hajiya ta janye kai don zafi. Ya tambaye ta ido. Ashe jiya na dama ya yi mata duhu na ɗan lokaci, ya washe. Ni ban tambaya ba. Gwajin jini na ESR, mai nuna kumburi a jiki, ya dawo sama da 90, wato ya hau sosai.

"A fara mata firednisolon yanzu," ya ce, wato maganin kwantar da kumburi.

"Oga, ba za mu jira a yanko jijiyar a duba ba?"

"Jijiyar za ta jira mu sati guda. Idon ba zai jira ba."

Haka yake: kumburin yana kama jijiyar da ke shayar da ido, kuma in gani ya tafi da wuya ya dawo, alhali alamarsa tana nan a jijiyar ko an yi kwanaki ana shan magani.

A ɗakin tiyata haddar nan ta zama nama da jini. Jijiyar gaban kunne tana haura ƙashin kunci ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi goshi, ɗaya ya yi sama. Kusa da na goshin akwai wani siririn zaren jijiyar motsi mai ɗaga gira, yana tasowa daga wajen kunne ya bi ta saman wutsiyar gira. Ka taɓa shi da wuƙa, girar ta faɗi. Don haka muka aske gashi kaɗan, muka yi allurar kashe zafi, muka tsaga can cikin gashi. Na so in ɗauki ɗan guntu in rufe, babban likitan ya ce in ƙara har ya kai santimita 1.5. Kumburin tsallake-tsallake yake yi, wani wuri lafiya, wani wuri ciwo, ga shi naman yana tsukewa a fomalin, ruwan da ake adana shi a ciki kafin a duba. Ko sakamako ya ce babu komai, ba a wanke mara lafiya da shi kaɗai.

Muka ɗaure bakin jijiyar sama da ƙasa. Fatar ba ta rasa jini, tunda sauran huɗun da na ɗaya gefen duk a haɗe suke. Da na gama ɗinki na ce, "Hajiya, ɗaga mini girarki." Duka biyun suka tashi, sai a lokacin na sauke numfashi.

Sakamako ya tabbatar da ciwon. Ranar da ta dawo, da kallabinta a ɗaure, na auna mata suga da hawan jini saboda maganin, na zaunar da 'yarta na yi mata bayanin yadda za a riƙa rage ƙwayoyin sannu a hankali, kada a yanke su rana ɗaya.